Tayin da Na Yi wa Siton Inna Halima

Ban taɓa shan sigari ba, ban san ƙofar gidan caca ba, ƙwallon nan ma da maza ke ɓatawa da juna a kanta ban san wa ke cin wa ba. Saboda haka na daɗe ina ɗaukar kaina mutumin da ba shi da wata jaraba. Ashe tawa jira take a ƙero waya mai shafawa.

Sunana Inuwa. Shekarata hamsin da ɗaya, gidana a Gaya, aikina a Ajingi, a wani ofis da babban aikin cikinsa shi ne mutum ya zo ya sa hannu a san ya zo. Da safe in hau babur in tafi, bayan azahar in dawo. Tsakanin sa hannun zuwa da na tashi akwai awa biyar da ba mai tambayar inda suka shiga. A cikinsu na zama mai gidaje.

Gidajen sayarwa nake kallo a waya. Na fara da na Abuja, masu ƙofar da ke buɗe kanta, sai na ga duk kamarsu ɗaya, na ƙoshi. Daga nan na faɗa wa wani iri da ya fi ƙarfina: gine-ginen da ba don kwana aka yi su ba, aka mayar da su gida. Wani Bature ya sayi tsohon tankin ruwan garinsu, ya fasa masa tagogi, ya kai gado can sama inda ruwa yake zama. Wani ya sayi tashar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita, yana cin abinci a ɗakin sayar da tikiti. Wata mata tana kwana a rumbun alkama mai hawa huɗu. Ni kuwa ba kallo kawai nake ba, har zaɓe nake yi. Akwai wani gida a wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba, na ƙi shi saboda ba shi da zaure, baƙo sai dai ya faɗo maka falo da takalminsa. Wani kuma na kwana biyu ina so, sannan na lura banɗakinsa babu inda za a ajiye buta.

Gidan da nake ciki da gaske ɗaki uku ne na gado, kwanon ɗakin tsakiya yana yoyo tun bara waccan. Matata Karimatu ta gaji da maganarsa. In ta ga na ƙura wa waya ido ina murmushi sai ta ce, "Baban Hidaya, yau kuma wace ƙasa muka koma? In sani ko in ɗauki bargo."

A kan hanyar Gaya zuwa Ajingi, a bakin wani ƙauye, akwai wani tsohon sito na zamanin cinikin gyaɗa. Dogo ne, bangonsa na dutse, ƙofarsa ta ƙarfe mota za ta shige, rufinsa tsohon kwano ne da tsatsa ta mayar ja. Shekara ashirin ina wuce shi ban taɓa ganinsa ba. Ranar wata Talata, saura 'yan makonni damina ta faɗi, na ga an rubuta a bangon da farin fenti: NA SAYARWA NE. Ƙafata ce ta taka birki, ba ni ba.

Ban gama kafe babur ba sai ga Haruna dillali. Ban san ta inda ya ɓullo ba. Ina jin ƙarar birki yake ji tun daga cikin gari.

"Yallaɓai Malam Inuwa! Ai na san irinku ne za su gane darajar wurin nan. Bismillah, shigo ka gani."

Da na ce masa kallo kawai nake, da labarin ya ƙare a nan. Amma kallo ai sana'ata ce, ban ga abin faɗa ba.

Muna tafiya yana ba ni bayani. Siton na wata dattijuwa ne, Inna Halima Sadiya. Mijinta ya gaje shi wurin mahaifinsa, da gidansu na ƙasa ya rushe suka koma ciki da zama, shi kuma ya rasu bara ya bar ta ita kaɗai. 'Yarta ɗaya tana aure a Gaya, ta samo mata wani ɗan gida mai ɗaki biyu kusa da ita, mai gidan ya yarda zai jira har a sayar da siton. So take ta tashi kafin ruwa ya sauka, don rufin ba zai ƙara kai wata damina ba. Duk wannan Haruna ya faɗa min, kuma na ji. Na ji shi ne yadda ake jin rediyon maƙwabta.

Muka yi sallama. Tana zaune a kan tabarma daga bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙaramar tsohuwa, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi. Sannan na ɗaga kai, sai na manta da ita.

Tsayin wurin kawai! Katakon rufin baƙi ne mai kauri, ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Rana tana shigowa ta hudojin kwanon tsiri-tsiri har ƙasa. A waya, irin wannan hasken kuɗi ake biya a yi shi. Na fara takawa ina ƙirga taku. A kusurwa ɗaya Inna ta kewaye wuri da zana da tsofaffin buhuna, nan ne ɗakinta, gefe ga murhu ga randa. A tsakar wurin kuma robobi ne da kwanoni nan da can, kowanne daidai ƙarƙashin huda. Na riƙa tsallake su ban tambayi kaina me suke jira ba.

"Nan falo," na ji bakina yana faɗa. "A ɗora bene daga nan zuwa can, da matattakalar ƙarfe mai murɗewa. Wannan bangon a fasa shi a sa gilashi. Can baya kuma wurin wanka, irin wanda ake shiga a yi iyo."

"Iyo?" in ji Inna. "A cikin gida?"

"A cikin gida, Inna."

"Ikon Allah. To Allah ya sa ka shiga a sa'a, ɗan nan."

Da muka fito akwai dattawa biyu a gindin darbejiyar ƙofar siton. Muka gaisa. A gabansu na tambayi Haruna nawa aka sa wa wurin, don kawai hoton da ke kaina ya cika, tunda a waya kowane gida da farashinsa a ƙasa. Ya faɗi wani kuɗi da ban taɓa ganin irinsa wuri ɗaya ba.

To ga inda ciwon yake. Ni a bakin kasuwa na tashi, ba a faɗa min farashi in yi shiru. Ko akuyar da ba na so aka faɗa min kuɗinta sai na rage wani abu na mayar. Baki ne ke aikin, kai ba ya ciki. Kafin in ankara na taya.

"Albarka," in ji Haruna, baki har kunne, "amma ba mu yi nisa da juna ba."

"Bari in yi shawara, zan waiwaye ka."

Ya kama hannuna da hannu biyu. Dattawan suka ce Allah ya tabbatar da alheri, ɗaya ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Na shafa tare da su. Na hau babur na tafi ofis ina tunanin kalar labule.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da tayi yake nufi, ni ma na sani. In mutum ya taya abu a gaban jama'a ya ce zai dawo, to cinikin yana hannunsa. Mai mutunci ba ya shiga ya ɗora nasa a kai sai na farkon ya janye. Tun muna yara malamai suke faɗa mana wannan. Ni dai ban taɓa zaton doka ce da ta shafi mutum irina ba, wanda ba shi da komai.

Kwana uku labarin ya riga ni ko'ina. Masinjan ofishinmu, wanda rabonsa da ya tashi tsaye don ni tun ranar da na kama aiki, ya karɓi jakata a bakin ƙofa. Mai balangun tasha ya ƙara min tsoka biyu ya ce, "Alhaji, in an fara aiki ƙanena birkila ne." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Wasu suka ce wani babba ne a Abuja yake saye da sunana. Wasu suka ce dama masu shiru-shiru su ake tsoro. In aka tambaye ni sai in sunkuyar da kai in ce, "Ana dai magana." Ban yi ƙarya ba, haka nake gaya wa kaina. Ana magana ɗin.

Na zana gidan a bayan wani fayil ɗin ofis, hawa biyu, na goge na sake har sau shida. Matattakalar ce ta ƙi zama. Don in tabbatar ko za ta shiga, na ari tef ɗin awo wurin kafintan unguwarmu na koma siton. Wannan shi ne abin da in na tuna nake rufe ido ko a kan babur nake.

Ba kowa sai Inna Halima. Ta ba ni ruwa a kofin silba, ta ce ai ta so ta dama min fura ba ta san zan zo ba. Na rasa mai riƙe min bakin tef. Ta ce in kawo. Ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafar nan tata mai ciwo har kusurwa, ta durƙusa ta danne bakin tef ɗin da babban yatsa.

"Nan ya yi, Alhaji?"

"Ɗan matsa hagu, Inna."

Kusurwa huɗu muka yi, da tsakiya. Ina rubutawa a bayan fayil kamar injiniya. Da zan tafi ta ce, "Ba gaggawa nake maka ba, ɗan nan, amma na ga gabas ta fara haɗa gira." Na ce in Allah ya so ba za a daɗe ba. Na tafi ina murna matattakala ta shiga.

Mako uku aka yi a haka. Ranar wata Lahadi da la'asar aka yi ruwan farko, da iska mai ƙarfi. Ni da Karimatu muka jera robobi a ɗakin tsakiya. Ko a lokacin, ina riƙe da roba a hannu, ban tuna da wasu robobin ba.

Washegari na dawo daga aiki na tarar Karimatu ta dawo daga wani suna. Ba ta cire mayafi ba. Tana zaune a bakin gado, hannu a cinya, irin zaman da in na gani nake fara lissafin laifukana.

"Sannu da zuwa, Alhaji."

Ba ta taɓa kira na haka ba.

"Yau wata mata ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a gaban mutane," in ji ta. "Afra'u sunanta, 'yar mai siton nan. Ta ce don Allah in roƙi Alhaji ya taimaka ya ƙarasa ciniki. Jiya iska ta ɗage kwano biyu, uwarta a tsaye ta yi la'asar, ruwa har idon sawu. Mai gidan da suke so ya ce Juma'a ce ƙarshe, in ba haka ba ya ba wani. Na ce mata wane Alhaji? Ta ce mijinki. Baban Hidaya, na duba bayana ko akwai wata."

Na ce ai magana ce kawai, ba a ƙulla komai ba, duk mai so yana iya saya.

"Akwai mai so. Alhaji Maiwada mai hatsi na kasuwar Ajingi. Washegarin ranar da ka je shi ma ya je, da niyyarsa a shirye, yana neman wurin ajiye hatsi. Aka ce masa ka taya. Ya ce shi ba ya shiga cinikin wani, ya juya motarsa. Mako uku ke nan yana jiranka. Ita ma tana jiranka. Ni kaɗai ce a garin nan na san abin da ke aljihunka, ni kuma ba wanda ya tambaye ni."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na samu abin kamawa.

Na fita soro na kira Haruna. Na ce masa shawara ba ta yiwu ba, ya sanar da Alhaji Maiwada.

"Kai, yallaɓai, ba haka ake yi ba," in ji shi. "Alhaji Maiwada ba ya karɓar janyewa daga bakin dillali. Ya ce mu mun iya kashe tayin mutum yana raye don mu ci la'ada da wuri. Ƙarya yake mana, amma haka ya ce. Sai ya ji daga bakinka. Jibi kasuwa, yana rumfarsa."

Ranar kasuwar na sa hannu a ofis na fita. Tun daga Gaya nake gyara maganar da zan faɗa, na zaɓi mai kyau wadda za ta bar min rigata a jikina.

Rumfar Alhaji Maiwada tana tsakiyar 'yan hatsi. Dogo ne siriri, rigarsa ba ta kai tawa guga ba, yana zaune a kan buhun gero yana tauna goro. Mutum bakwai ko takwas ne a wurin, masu awo da masu jiran a sallame su. Da ya gan ni ya miƙe, ya sa aka kakkaɓe min benci.

"Malam Inuwa mai sito! Ka ga babban baƙo. A kawo masa ruwa."

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na ƙaro wata. Sannan na ce, "Alhaji, dama kan maganar wurin nan ne. Wani ɗan uzuri ya taso min, abin da nake jira bai iso ba."

"Haba, wannan ai ba komai," in ji shi. "Kowa yana jiran wani abu. Ka kwantar da hankalinka, ni ba zan taɓa shi ba. Ko bayan kaka ne ina nan. In ga mutum a matse in shige masa gaba? Allah ya kiyaye."

Mutanen suka gyaɗa kai, suna yaba halinsa. Ni kuma na ga Juma'a ta matso da kwana ɗaya. Na jawo hujja ta biyu.

"Gaskiya kuma, da na sake dubawa, ginin bai yi min yadda nake so ba."

Ya daina tauna goro. "To fa. Aibi ka gani? An ce har da tef ka je. Ku 'yan boko kuna ganin abin da ba ma gani. In tushen ne ya lalace faɗa min tsakaninka da Allah, kada in zuba hatsin mutane a ciki. In kai da ka auna ka gudu, ni me zai kai ni?"

Nan na gane inda na tsaya. In na ce jira nake, zai jira tare da ni har Inna ta rasa gidan. In na ce ginin ne, na kashe mata kasuwa gaba ɗaya. Duk ƙofar da na tanada don in fita da mutuncina, a kan tsohuwar nan take buɗewa. Wani ya miƙo min ruwa a leda, na riƙe shi ban sha ba.

"Ginin lafiyarsa ƙalau, Alhaji. Katakonsa zai fi ni daɗewa. Ni ne ba ni da kuɗin."

"Ba su cika ba?"

"Babu su. Ba a taɓa yin su ba. Ko ƙofar aka cire aka ce in saya, sai dai in yi mata addu'a."

"Shi na Abujan fa?"

"Ban san kowa a Abuja ba sai wani ɗan ƙanwata mai gadi."

Mai awo ya tsaya da kwano a hannu. Alhaji Maiwada ya dube ni tun daga hula har takalmi, ba da faɗa ba, yadda ake duban buhun da aka buɗe aka tarar da ƙaiƙayi.

"To me ya kai ka tayawa, bawan Allah?"

Sai na ciro waya. Ban san me ya sa ba. Na buɗe hoton tankin ruwan nan na miƙa masa. Na ce irin wannan nake kallo, sai na ga siton, sai bakina ya riga ni.

Wayar ta zaga rumfar hannu zuwa hannu. Wani ya ce, "A tanki yake kwana? To su mutanen garin me suke sha?" Wani ya ce in matarsa ta yi yaji kafin ta gama sauka ta huce. Aka fashe da dariya, har 'yan rumfar gaba suka leƙo. Wani ya tambaya ko gaskiya ne zan haƙa kududdufi a ɗaka. Na ce gaskiya ne. Ban ga amfanin rage komai ba a lokacin.

Alhaji Maiwada kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙo min wayata ya ce, "Na ji janyewarka, jama'a sun ji. Ita ka gaya mata?"

Na ce tukuna.

"To hau babur ɗinka. Ina bayanka."

Mun isa rana tana tsaka. Dattawan nan biyu suna gindin darbejiya kamar ba su taɓa tashi ba. Haruna ma yana nan, ban tambayi wa ya gaya masa ba. A ciki ƙasa ba ta gama bushewa ba, wani faffaɗan haske yana sauka ta inda kwano biyu suka tafi, daidai wurin da na ce a sa gilashi. Zanar ɗakin Inna babu, an naɗe ta an jingine. Kayanta duk a ɗaure suke cikin buhuna da zannuwa, an ɗora su a kan duwatsu saboda ruwa.

"Tun ranar da ka zo da igiyar awon nan na ɗaure," in ji ta. "Na ce kada ma'aikata su zo in tsare musu wuri."

Na durƙusa. Na faɗa mata abin da na faɗa a kasuwa, ban rage ba, sai dai a nan ba wanda ya yi dariya, kuma na gwammace dariyar. Ta saurara har na gama, tana murza gwiwarta.

"Wato babu benen?"

"Babu, Inna."

"Wurin iyon ma?"

"Shi ma."

Sannan ta ce, "Ni kuwa har na gaya wa Afra'u in an gama za ka bar ni in zo in gani. Ban taɓa ganin mutum yana iyo a ɗaka ba." Ta dubi hudar rufin. "Ko da yake shekaranjiya waccan na kusa."

Na ce ta yafe min. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ta ƙara da cewa, "Da dai ka faɗa tun ranar, da ban durƙusa maka sau biyar ba. Gwiwar nan ba ta son wasa."

Alhaji Maiwada ya zaga wurin sau ɗaya, ya bugi bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya dubi katako. Bai ƙirga taku ba. A gindin darbejiya aka yi cinikin, ina tsaye daga gefe kamar wanda ya zo rakiya. Haruna ya so ya kawo maganar kwanon da iska ta ɗauke, Alhaji ya ce a bar ta, ba laifin mai wuri ba ne. Bai dube ni ba da ya faɗa. Sauran ne suka duba. Aka sallama, aka yi fatiha. Wannan karon ma na shafa tare da su.

Ranar Alhamis aka kai wa mai gidan da Inna za ta koma kuɗinsa. Da safiyar Juma'a motar Alhaji Maiwada ta kwaso kayan Inna, sawu ɗaya, bai ma cika ba.

Masinjan ofis ya koma zamansa. Mai balangu ya koma kira na Malam, tsoka kuma ta koma yadda take. A kasuwar Ajingi sunana Mai Tanki, har waɗanda ba su san dalili ba haka suke kira na. Siton yanzu cike yake da buhunan gero da dawa har inda ɗakin barcina na sama yake. In zan wuce nakan dubi ɗaya gefen titin, gonar wani ce, na san ta kunya-kunya yanzu.

Gidan da Inna Halima ta koma layi uku ne tsakaninsa da nawa. Ban san haka ba sai da aka sauke kaya. Bayan mako guda Karimatu ta ce an aiko, Inna tana nemana, in zo da tef. Na ce ko wani ne daban. Ta ce ni ne, ba wani mai tef a dangin.

Na sake ara wurin kafinta, wanda ya tambaye ni ko yau masallacin Juma'a zan taya. Na tarar da Inna a ɗan tsakar gidan, tana zaune a inuwa, rufi lafiyayye a bayanta. Afra'u za ta sayo mata ledar ɗaki, ba su san yadi nawa ba.

"Ka ga kai ka iya," in ji ta. "Amma yau ni ba zan tashi ba. Afra'u, karɓi wancan bakin ki ja. Alhaji, kai shiga kusurwa ka danne."

Na cire takalmi na shiga. Taku huɗu ne a tsaye, uku da rabi a kwance, tun daga ƙofa idona ya gama aunawa. Amma na je kusurwar na durƙusa, na danne bakin tef ɗin da babban yatsa.

"Nan ya yi, Inna?"

Ta leƙo daga inda take zaune, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗan matsa hagu," in ji ta.